Ni Da Kawu Da Maharbin Dodanni

Kafin in fara, bari in amsa laifi na da baki na, don kada wani ya riga ni. Ni magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku, malamin makarantar sakandare a nan birnin Katsina, na kuma ba shekara arba'in baya. Amma duk da haka na shafe sama da shekara biyu ina raba dare a gaban talbijin ina buga gem, sai ka ce yaran nan da mu ke korowa daga gidajen gem mu maido su aji da bulala. Uwargida ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mani ido. Mai karatu, kai ma in za ka yi dariyar ka yi, amma ka bari in kai aya.

Ni asali mutumin littafi ne da fim. Tun muna 'yan firamare na haddace Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Da mu ka tasa aka shiga yayin In Da So Da Ƙauna, mu na karɓar haya a shagon littattafai, a ba ka kwana biyu ka maido. Lokacin da Sangaya da Wasila su ka fito kuwa, ba a magana. Gem dai ban ɗauke shi a bakin komai ba, abin da na sani kawai shi ne ƙwallon da yara ke bugawa su na ihu.

A watan Afrilu na 2020 aka kulle gari saboda annobar korona. Ba makaranta, ba kasuwa, ba majalisa. Ana gobe za a rufe, wani aboki na mai gyaran waya da ya matsu da kuɗi ya kawo mani na'urar PlayStation 4 ta hannu, ya ce in saya ko don yara. Na taya, ya sallama. A cikin ledar akwai faifai guda biyu, ɗaya na ƙwallo, ɗaya kuma da hoton wani bature mai farin gashi da tabo a fuska, ya rataya takubba biyu a baya. Sunan faifan The Witcher 3: Wild Hunt. Na ce bari in gwada in gani ko ya dace da yara. Minti goma da farawa na gane sam bai dace da su ba. Sai dai ni kuma na kasa ajiyewa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ka ɗauka fim ne, amma an miƙo maka linzamin jarumin. Kai za ka tafiyar da shi, kai za ka zaɓi amsar da zai bayar in an yi masa magana, kuma abin da ka zaɓa shi zai juya labarin. Wani kamfanin ƙasar Polan mai suna CD Projekt Red ne ya fitar da shi a watan Mayu na 2015, kuma ya zuwa 2023 an sayar da sama da kwafe miliyan 50. Abin da zai ba mu sha'awa mu makaranta shi ne, daga littafi aka ɗauko shi. Marubucin, Andrzej Sapkowski, ya fara ne da wani ɗan gajeren labari da ya aika gasar wata mujalla, aka buga shi a 1986, bai ma zo na ɗaya ba. Daga nan abin ya zama jerin littattafai, ya zama gem, a 2019 kuma Netflix su ka mai da shi fim mai dogon zango. Kada ma a ce tatsuniyar mutanen wancan yankin baƙuwar mu ce. Iliyan nan da mu ka taso da shi, masana sun nuna cewa daga labarin wani gwarzon Rashawa mai suna Ilya Muromets aka samo shi, kuma mutumin ƙasar Katsina ne, Ahmadu Ingawa, ya sa masa riga da rawani.

Jarumin sunan sa Geralt. Sana'ar sa kashe dodanni, a biya shi. Tun ya na yaro aka ɗauke shi aka ɗura masa wasu magunguna masu tsananin dafi, waɗanda a cikin yara goma uku kaɗai ke rayuwa. Su su ka mai da idon sa irin na kyanwa, su ka kuma hana shi haihuwa har abada. Takobin ƙarfe na mutane ne, na azurfa na dodanni. Ya na yawon neman wata yarinya da ya riƙa tun ta na ƙarama, Ciri, wadda wata rundunar mahaya masu kama da fatalwa ke farauta. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin. Amma ba wanda zai tilasta maka bin sa. Ƙasa ce aka shimfiɗa maka, da dazuzzuka da ƙauyuka da birane da tsibirai, ka hau doki ka nufi inda ran ka ya so. A ƙauyuka akwai allon sanarwa inda talakawa ke liƙa kukan su: wani abu na cinye mana awaki, ɗa na ya shiga daji bai dawo ba. Ka cire takardar, ka nemi mai ita, ku yi ciniki. Har tayi ana yi, in ka cika tsadancewa mutumin ya fusata.

Aikin da ya fara kama ni na wata rijiya ne. Wani talaka ɗiyar sa na kwance ba lafiya, ruwan kogi ya gurɓace da gawarwakin yaƙi, rijiyar da ta rage mai ruwan kirki kuma ta na wani ƙauye da aka watse, wata fatalwa ta tare ta, ba mai iya ɗiba. Ina ganin haka na yi tsalle na ce, kai, wannan ai Kusugu ce! Duk ɗan ƙasar nan ya san labarin. Baƙo ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce macijin nan Sarki ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya su ka ƙera masa, ya adana kan don shaida. Geralt ma in ya kashe babban dodo, kan ya ke yankewa ya rataya a sirdi. Na gyara zama, na zare takobin azurfa, ina jiran in zama Bayajidda.

Ashe ba haka abin ya ke ba. Fatalwar ba ta kasuwa sai ka san ko wace ce. Dole na bi kangayen gidajen ina bincike, na tsinci littafin da wata amarya ke rubuta sirrin ta, na bi sawun jini, na leƙa rijiyar na ga ƙwarangwal a rataye. Mace ce aka kashe bisa zalunci a wata rigima tsakanin mutanen ƙauyen da mai mulkin yankin, aka rataye ta a nan. Munduwar da ta ke ƙauna ta faɗa cikin ruwan, ita ce ta ɗaure ta da wurin. Sai da na yi nutso na ɗauko munduwar, na haɗa da ƙasusuwan na ƙona, sannan ta fito mu ka gwabza. Na yi nasara, amma ban ji daɗin da na yi zato ba. Da na koma karɓar lada kuma, uban yarinyar ya nuna cewa kuɗin da ya ke tara mata na aure ne zai ba ni. Gem ɗin ya tsaya ya na jira na: in karɓa ko in bar masa? Bayajidda sarauniya Daurama ya samu da ƙasa. Ni kuwa ga ni ƙarfe biyun dare ina shawara da zuciya ta a kan kuɗin kayan ɗakin ɗiyar talakan da ma babu shi a duniya. Na bar masa.

Ana nan, da damina ta faɗi, sai ga Kawu.

Kawu yayan mahaifiya ta ne, daga wani ƙauye a yankin Batsari, bakin dajin Rugu. Maharbi ne ɗan maharbi. Mu na yara in ya zo birni da kilishin barewa da ƙayar beguwa, ji mu ke babu namiji kamar sa a duniya. Wannan karon a bayan a-kori-kura ya zo, shi da matar sa da ƙaramin ɗan sa da jikoki biyu, da tabarmi da tukwane da buhun gero rabi. 'Yan bindiga sun shiga masu karo na uku, sun kore shanu, sun cinna wa rumbuna wuta, garin ya watse. Matan mu ka sa su cikin gida, shi da ɗan sa mu ka gyara masu shagon zaure. Falon da talbijin ta ke kuwa jikin zauren ya ke.

Kwanakin farko ba ya magana. In an gaishe shi ya amsa, in an kawo tuwo ya taɓa kaɗan, ya koma ya jingina da bango da tazbahar sa. Ni kuma kunya ta hana ni kunna na'urar. Ta yaya mutum zai baro gari a ƙone, ya iske ɗan ƙanwar sa na wasan yara? Na daure mako biyu. Wani dare da aka kawo wuta na lallaɓa na kunna, na rage murya. Can sai na ji tari a baya na.

"Wane ne wannan mai furfurar?"

Na ce, "Kawu, ba ku yi barci ba? Wasa ne kawai, yanzu zan kashe."

Ya ce, "Ban ce ka kashe ba. Mi ya ke nema a ƙasa?"

Na ce sawun wani dodo ya ke bi. A gem ɗin in ka danna wani maɓalli, sawu da jini da duk wata alama sai su yi ja su na ƙyalli. Kawu ya matso ya ƙura ido, sai ya yi dariya, dariyar farko tun zuwan sa. Ya ce, "Amma wannan ya samu duniya! Sawu da fitila? Mu da sai mun duƙa mun shinshina ƙasa."

Daga ranar ya zama abokin zama na. Shi bai taɓa riƙe rimot ɗin ba, ya ce yatsun sa na kunamar bindiga ne, amma shi ke ba da umarni, ni kuma ina fassara masa Turancin. Har sabon wasa na buɗe daga farko don ya ga aikin rijiyar nan. Abin mamaki, abubuwan da ni na ke gani baƙi shi ba su dame shi ba. Da ya ga Geralt na tsinkar ganyaye ya na haɗa magani kafin faɗa, ya na shafa wa takobi mai daban don kowane irin dodo, cewa ya yi wannan ya san aiki, maharbin da ya shiga daji ba shiri ai abinci ya kai. Akwai wasu alamu biyar da Geralt ke yi da hannu. Wadda ke zagaye shi da garkuwa Kawu ya sa mata kau-da-bara, wadda ke juya hankalin mutum ya ce wannan rufa-ido ne, ya san mai yi a Safana. Sai kuma ya yi istigfari, ya ce shi ya daɗe da ƙone layun sa, Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Tunda na ambaci wannan, bari in faɗi gaskiya don kada wani ya saya wa ɗan sa ya zo ya na zagi na. Gem ɗin na manya ne. Akwai tsafi, akwai giya, akwai ashar, akwai sare kai, akwai kuma wuraren tsiraici da ko a fim ɗin Turawa sai ka kau da kai. Na ƙware wajen danna maɓallin tsallakewa, amma wata rana hannu na ya makara. Kawu ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Ɗan nan, ashe maharbin naka ɗan iska ne." Uwargida kuwa da ta ji labari cewa ta yi, "Malam, yanzu tsohon ma ka ɓata shi?"

Dariyar ta ragu ne da mu ka shiga wata ƙasa da ake kira Velen. Ƙasa ce da manyan dauloli biyu su ka yi yaƙi a kan ta su ka bar ta ba mai ita. Abin da ka fara cin karo da shi wata ƙatuwar bishiya ce da aka rataye mutane a rassan ta. Ƙauyuka a ƙone, mata zaune a bakin hanya su na kuka, sojojin da su ka gudu daga fagen fama sun koma 'yan fashi. A bakin gadar da ke kaiwa babban birni ga 'yan gudun hijira nan jibge, an hana su wucewa sai mai takardar izini. Ina fassarawa ina satar kallon Kawu. Bai ce komai ba, tazbahar dai ta tsaya.

To, a taswirar akwai wasu wurare da aka yi wa alama, ƙauyuka ne ko sansanoni da mutane su ka gudu su ka bari saboda dodanni ko 'yan fashi sun mamaye. In ka je ka gama da su duka, sai allon ya yi duhu, ya sake haske, ka ga mutanen sun dawo. Wani na gyaran shinge, wani ya baza kayan sayarwa, hayaƙi na tashi. Abin bai fi daƙiƙa goma ba, ni a da ko kula shi ban yi. Ranar da Kawu ya fara gani sai ya dafa gwiwa ta.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu garin ne, Kawu. Sun dawo."

"Sun dawo? Haka nan?"

"Haka nan."

Ya yi shiru, can ya ce, "Sake yi in gani."

Na yi masa bayani ba ya sakuwa sai dai in koma ajiyar baya in sake faɗan. Ya ce to in koma. A daren nan sau huɗu na kwato ƙauyen nan. Daga ranar kuma neman Ciri ya tsaya. Kawu ba ruwan sa da wata Ciri. Kullum aka kawo wuta sai ya ce, "Duba mana takardar, akwai sauran garin da ba a komo ba?" Haka mu ka bi Velen lungu-lungu. Shi ya sa labarin da wasu ke gamawa a wata guda ni na shekara biyu ban gama ba.

Masu son littafin zaman aure, akwai wani sashe da na so a ce marubutan mu sun gani. Wani tsohon soja ne mashayi da ya naɗa kan sa sarkin yankin, ake kiran sa Bloody Baron. Matar sa da ɗiyar sa sun ɓace, ya ce in ka nemo su zai faɗa maka inda Ciri ta nufa. Mutum ne mai barkwanci da kyauta, har ka fara son sa. Sannu a hankali ka gano shekara da shekaru ya na dukan matar, guduwa su ka yi. A daren gudun cikin da ke jikin ta ya zube, shi kuma ya binne ɗan tayin a ɓoye, ba suna ba addu'a, abin ya tashi ya zama wata mummunar halitta. Za ka iya kashe ta. Za ka kuma iya sa uban ya rungume ta a ƙirji ya kai ta dokin ƙofar gidan sa, ya raɗa mata suna, ya roƙi gafarar ta, ya binne ta kamar ɗiya. Tun da na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ban ga an tsare mugun miji an sa shi ya kalli aikin sa haka ba. Bambancin kawai, a nan ba a ba ka damar ka tsane shi ka huta ba.

Bin sawun matar ne ya kai mu wata fadama inda wasu tsofaffin mayu uku ke mulki. Ƙauyen da ke kusa ba ya da sarki ba ya da soja, mayun nan su ne gwamnati. Su na tsare mutane daga yunwa da cuta, su kuma mutanen na biyan su, wani lokaci da kunnen mutum yankakke, wani lokaci da yara. Da na ga dattijon garin ya yanke kunnen sa da hannun sa ya miƙa, sai na yi tsaki na ce, wane irin sakarci ne wannan, mutane su riƙa ciyar da abin da ke cin su?

Kawu ya ce, "Mu ma mun biya."

Na juyo. Ya ce shekara biyu kafin su taso, gida-gida aka bi aka tara kuɗi aka kai daji don a bar su su yi noma. Da kaka aka sake tarawa don a bar su su girbe. Shi da kan sa ya na cikin waɗanda su ka kai, don shi ya san hanya. Ya ce, "Kai da ka ke kwana bayan ganuwa, kada ka ƙara ce ma wanda ke kwana bakin daji sakarai." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Na san gwamnatin Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, na san ya rushe a 2020, mun sha musu a kai a ɗakin malamai, kowa na ji da hujjar sa. Amma ban taɓa tambayar mutumin da ke kwana a zaure na yadda su su ka yi nasu ba.

A ƙarshen wannan sashe gem ɗin ya ba ni zaɓi biyu. Akwai wani ruhi da aka ɗaure a cikin wata bishiya, ya ce in na sake shi zai ceci marayun da mayun ke shirin cinyewa. Na tambayi Kawu, ya ce a ceci yara mana. Na sake shi. Ya ceci yaran kuwa, amma ya bi ta kan ƙauyen nan ya hallaka mutanen sa, matar Baron ta mutu, na dawo gidan sa na iske shi ya rataye kan sa a bishiya. Na ce zan koma baya in canza. Kawu ya ce, "In ka canza mi zai faru?" Na bincika na faɗa masa: ƙauyen zai tsira, Baron zai rayu, yaran kuma za a cinye su. Ya ce, "To bar shi yadda ya ke. Mu wa ya ba mu komawa baya?"

A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A matsayi na na malami, kwana shidan nan kafin a sako su ban iya taɓa rimot ba. A ɗaya daga cikin dararen ne, ba wuta, mu na zaune a tsakar zaure, Kawu ya ba ni labarin da ban tambaye shi ba. Ya ce farkon lalacewar abin, da satar shanu ta yi yawa, an kafa 'yan sa-kai a yankin su, shi ma ya shiga don ana ganin girman sa. Wata ranar kasuwa samarin cikin su su ka kama wani yaro Bafulatani su ka ce ɗan leƙen asiri ne. Kawu ya san yaron, ya san uban sa, uwar sa ta shekara ashirin ta na kawo masu nono. Ya san ba shi da laifi. Amma jama'a sun harzuƙa, an kashe mutum biyu a makon, ya ji tsoron kada a ce ya na tare da su. Ya yi shiru. Aka ja yaron bayan kasuwa. Ya ce bayan shekara uku, daren da aka ƙone rumbunan su, ya ji muryar wanda ke ba da umarni, ya kuma gane ta. Ƙanen yaron ne.

Na ce, "Kawu, amma wannan ba hujja ba ce. Jikokin ku mi su ka yi masa?"

Ya ce, "Ban ce hujja ba ce. Da na same shi a daren da na harbe shi, ko yanzu na same shi sai na harbe shi. Ita ma matar rijiyar taka ai ba ka ƙyale ta ba. Amma kai sai da ka shiga ruwa ka ɗauko munduwar ta, ka san sunan ta. Ni na san sunan nawa tun ya na goye."

Ban samu abin cewa ba. Har yau ina juya maganar, wani lokaci in ga ya yi gaskiya, wani lokaci in ji haushin ta, musamman in an kawo labarin wani sabon hari. Fim ɗin mu da littafin mu sun saba mana da mugu wanda aka haifa mugu, boka mai jan ƙyalle ko kishiya mai baƙar aniya, a ƙarshe ya haukace ko ya tuba, a rubuta alhamdulillahi. Ni ma haka na fi so, ya fi sauƙin barci.

Da kakar 2022 ƙaramin ɗan Kawu, wanda ke acaba a nan birni, ya ce zai leƙa gida ya ga ko za a samu abin da aka yafa a gonar su. An hana shi bai ji ba. A hanyar dawowa aka tare motar su. Bayan kwana uku aka kira wayar Kawu. Ba zan faɗi abin da su ka nema ba, ba zan kuma faɗi inda aka daidaita ba, amma ni aka ba wayar don an ce na fi iya magana. Mai karatu, na yi ciniki a kan ran mutum, da tayi da albarka, kamar yadda na saba yi a gaban allon sanarwar nan, sai dai wannan karon hannu na rawa ya ke, kuma in mutumin ya fusata ba ajiyar da zan koma. Dangi aka bi gida-gida. Uwargida ta fito da 'yan kunnen ta na zinari ba tare da na tambaye ta ba. Babur ɗin yaron ya tafi. Ni kuma na naɗe na'urar da faifan biyu a ledar da su ka zo ciki, na mai da wa abokin nan nawa mai gyaran waya, ya saya ƙasa da yadda ya sayar mani. A lokacin na riga na gano Ciri, saura yaƙin ƙarshe kawai. An ce labarin na da ƙarshe iri uku, gwargwadon yadda ka riƙe yarinyar a hanya. Ɗalibai na sun sha cewa in duba a YouTube, na ƙi. Ban san wanne na cancanta ba.

Yaron ya dawo bayan kwana arba'in da ɗaya, ƙafafun sa a kumbure, ba ya son a rufe ƙofa. Yanzu ya warware, ya na sayar da rake a wajen Ƙofar Ƙaura.

Kawu bai taɓa tambaya ta ina na'urar ta ke ba, sai dai wani dare da aka kawo wuta na gan shi zaune a falo shi kaɗai a gaban talbijin a kashe. A 2025, da aka shiga wani sabon zagayen sulhu a wasu ƙananan hukumomi har da Batsari, 'yan garin su su ka fara komawa ɗaya-ɗaya. Mun roƙe shi ya bari a ga kamun ludayin abin, don mun ga irin sa a baya. Ya ce shekarun sa sun wuce na jira. Ya tafi shi kaɗai da buhu ɗaya da gatari, ya bar iyalin a wuri na.

Bayan kwana tara ya kira ni da wayar wani, sai da ya hau tudu kafin ya samu sabis. Na ce, "Kawu, ya ku ka iske garin?" Ya ce gida bakwai ne su ka dawo, ciyawa ta fi mutum tsawo, masallaci ba rufi. Na ce to ruwa fa? Ya ce rijiyar tsakar gari ta cushe, sun leƙa sun ga abubuwa a ciki, ba su san ko na dabba ba ne, ranar Asabar za su shiga yasa. Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce, "In ka ga mai furfurar nan ka ce masa akwai aiki, amma ba mu da ko kwabo." Kafin in amsa ya ce in aiko masa da igiya mai kauri gaba goma sha biyar da guga biyu a motar ranar kasuwa, sai layin ya yanke.